Haɗin Gwiwar Jami'o'i Da Masana'antu: Da Wa Za A Haɗa Gwiwar?

A 'yan shekarun nan da wuya wata ya kama ya mutu ba a ji cewa wata jami'a a ƙasar nan ta rattaba hannu kan takardar yarjejeniyar fahimtar juna da wani kamfani ba. Akan taru a zauren majalisar jami'a, shugaban jami'a ya yi jawabi, wakilin kamfani ya yi nasa, a yi musayar takardu, a ɗauki hoto, a sha lemo, a watse. Ni kaina na halarci irin wannan buki fiye da sau ɗaya, domin kuwa an taɓa sanya ni a wani kwamiti da aka ɗora wa alhakin duba kalmomin irin waɗannan takardu, bisa dalilin cewa wai harshe ne fannina. Bukin da ban taɓa halarta ba shi ne wanda aka sake taruwa bayan shekara biyu ko uku, aka ce jama'a ga abin da yarjejeniyar nan ta haifar, ga injin da aka ƙera, ga kuma yawan mutanen da suka saya.

Mai karatu na iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Wato ina ruwan malamin kimiyyar harshe da zancen miƙa fasaha daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa masana'anta? Ina roƙon a yi mini haƙuri, amsar tana nan tafe. Abin da zan fara faɗa shi ne, ni mai goyon bayan wannan haɗin gwiwa ne, kuma ina ganin jami'ar da bincikenta ke ƙarewa a kan kantar ɗakin karatu ta ci amanar talakan da ake biyan malamanta da dukiyarsa. Inda na saɓa da masu shirya bukukuwan sa hannu shi ne wajen abokin haɗin gwiwar. Mun ɗauko tsari daga ƙasar da ke da manyan masana'antu masu jiran sakamakon bincike, muka dasa shi a yankin da manyan masana'antunsa suka daɗe da rufewa, sa'annan muka juya wa masu sana'ar da ke raye baya, alhali su ne kaɗai ke da buƙatar abin da muke da shi.

Yana da kyau mu san inda tunanin ya samo asali. A ƙasar Amurka, kafin shekarar 1980, duk wata fasaha da aka gano da kuɗin gwamnatin tarayya akasari gwamnatin ce ke riƙe da takardar mallakarta. An ƙiyasta cewa gwamnatin na riƙe da irin waɗannan takardu kimanin 28,000, amma waɗanda wani kamfani ya karɓi lasisinsu ya sarrafa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Wannan ne ya sa wasu sanatoci biyu, Birch Bayh da Bob Dole, suka kawo dokar da ake kira da sunansu, wadda ta bai wa jami'o'i ikon mallakar abin da malamansu suka gano, su bayar da lasisinsa ga kamfanoni, su kuma raba ribar da wanda ya yi binciken. A wannan shekarar ce aka bai wa Stanley Cohen na Jami'ar Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya takardar mallakar dabarar haɗa ƙwayoyin halitta, wadda kafin wa'adinta ya ƙare a 1997 ta samar wa jami'o'in biyu kimanin Dala miliyan 255, daga kamfanoni sama da 400. Ita dai wannan Jami'a ta Stanford ce ta riƙe mallakar dabarar jera sakamakon bincike da aka gina Google a kanta, kuma hannun jarin da ta karɓa a madadin lasisi ta sayar da shi a 2005 kan Dala miliyan 336.

Waɗannan su ne labaran da ake karanta mana a kowane taron ƙara wa juna sani, har mun haddace su. Sai dai akwai abubuwa biyu da masu jawabi kan tsallake. Na farko, ko a Amurkan ma mafi yawan ofisoshin miƙa fasaha na jami'o'i ba sa samun kuɗin lasisin da zai biya albashin ma'aikatansu da kuɗin lauyoyi; 'yan ƙalilan ne ke kwashe garaɓasar. Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, dokar 1980 ta yi aiki ne domin akwai masu karɓa a ɗaya gefen. Akwai kamfanonin magunguna da na lantarki da ke da nasu ɗakunan gwaje-gwaje da nasu injiniyoyi, waɗanda za su iya karanta rahoton farfesa su fahimta, su zuba jari na shekara goma kafin su ga riba. Harshensu ɗaya da na jami'a, a zahiri da kuma a ma'ana.

A nan Nijeriya mun bi sahu ta ɓangaren ofisoshi. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa tun 1979 domin sa ido kan yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, ta fara buɗe ofisoshin kare mallakar fasaha da miƙa ta a jami'o'i da cibiyoyin bincike tun daga 2006. Wannan abin a yaba ne, domin ya wayar wa malamai da yawa kai. Amma ya kamata masu alfahari da yawan takardun mallakar fasaha su san cewa dokar da ake bayar da su a ƙarƙashinta, wato dokar 1970, ba ta wajabta wa magatakarda ya bincika ko abin da aka kawo masa sabo ne ko kuwa wani ya riga ya ƙirƙiro shi ba. Cikar takardu yake dubawa, ya buga hatimi, sauran kuma ya rage tsakanin mai takardar da kotu idan wani ya ƙalubalance shi. Saboda haka idan aka ji shugaban jami'a na cewa bana mun sami takardun mallaka kaza, abin tambaya shi ne, guda nawa ne wani ya biya ko da sisin kwabo domin ya yi amfani da su?

Mu dawo gida Arewa. Wanda ya san unguwar Kakuri ta Kaduna a shekarun 1980 ya san mene ne masana'anta. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta wancan lokaci da wani kamfanin saƙa na Ingila, sauran masaƙu suka biyo baya, har ya zamana idan an tashi daga aiki kekuna kan cika titi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashe sukutum na kimiyya da fasahar saƙa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru na fitar da irin auduga, manoman Funtuwa da Gusau da Gombe na nomawa, injinan gurza na gurzawa, masaƙa na saya. Ga haɗin gwiwa nan tun kafin a ba shi suna. To amma matsalar wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da faɗuwar darajar Naira, da fasa-ƙwaurin atamfa sun haɗu sun karya wannan sarƙa. Masaƙar farko ta rufe a 2002, babbar cikinsu kuma, wato UNTL, ta rufe ƙofa a 2007, kodayake an yi ta ƙoƙarin farfaɗo da ita daga baya. Kano ma haka abin yake. Duk wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa da Challawa zai ga gine-ginen da a da injina ke ruri a cikinsu sun koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu da aka fara a 1973 yana nan, sai dai ɗalibin injiniya da yawa a sakatariyar gwamnati yake ƙare watanninsa, yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan.

Manyan kamfanonin da suka rage, na siminti da sukari da taki da shinkafa, idan suna buƙatar inji daga Sin ko Indiya ko Jamus suke sayo shi ɗungurungum, tare da injiniyan da zai kafa shi. Ba na zarginsu. Ɗan kasuwa ba ya zuba jari don kishin jami'a. Abin da suka fi yi mana shi ne gina ɗakin lacca ko ɗakin kwanan ɗalibai a rubuta sunansu a jiki. Mun gode, amma wannan kyauta ce, kuma kada mu ruɗi kanmu mu kira ta miƙa fasaha.

To, idan haka ne, su wane ne masana'antunmu? Su ne maƙeran Panteka da ke Kaduna, waɗanda ke narka tsohon ƙarfe su fitar da tukwane da injin markaɗe da kayan gyaran mota. Su ne masu walda da ke ƙera injin casa da kurar ruwa da garmar shanu a kowane gari. Su ne majema da dukawa da masu ɗinkin takalma na Ƙofar Wambai, da masu turara shinkafa na Kura, da matan da ke matsar man gyaɗa suna toya ƙuliƙuli, da 'yan kasuwar hatsi na Dawanau da ke asarar buhuna saboda ƙwari, da ƙananan kamfanonin iri da na abincin kaji. Waɗannan ne ke ɗaukar matasanmu aiki, kuma kusan dukkansu da Hausa suke sana'arsu, da ita suke ciniki, da ita suke koyar da yaransu. A nan ne kifi ya haɗu da kaska.

Bari in ba da labarin abin da ya buɗe mini ido. Wani ɗan yayata da ya karanta injiniyancin aikin gona a wata jami'a ya ƙera injin ɓare gyaɗa a matsayin aikinsa na shekarar ƙarshe. Injin ya yi kyau, ba ya farfasa ƙwaya kamar irin na kasuwa, ya kuma sami maki mai yawa. Da ya zo hutu sai na ɗauke shi da zanen injin muka tafi wurin wani dattijo mai walda a unguwarmu, wanda ya fi shekara talatin yana ƙera injina. Yaron nan Bahaushe ne gaba da baya, amma da aka ce ya yi bayanin yadda injin ke aiki sai harshensa ya sarƙe, jimla ɗaya Hausa, uku Ingilishi. Shi da milimita ya yi awonsa, dattijo kuwa da inci yake aiki. Dattijon ya daɗe yana kallon zanen, ya yi tambayoyi kan kaurin ƙarfe da kuɗin da aka kashe, sa'annan ya dube ni ya ce, "Malam, yaron nan naka yana da kai. Amma wanda ya zana wannan bai taɓa shiga kasuwar ƙarfe ba. Irin wannan boris ɗin sai an aika Legas, idan ya lalace a ƙauye manomi ya shiga uku." A cikin rabin sa'a ya nuna masa wurare biyu da za a sauya a rage kuɗin injin sosai. Daga nan ya yi tambayar da ta gagare mu duka: "To idan na ƙera na sayar, wa zan biya, yaron ko makarantarsu? Kuma gyaran da na yi fa, na wane ne?" Na yi ta bin ofisoshi ina neman amsa ban samu ba. Injin yana can a ɗakin ajiya na sashensu, yaron kuma yanzu sana'ar cire kuɗi da na'urar POS yake yi.

Akan ce ai Hausa ba ta da kalmomin fasaha. Duk mai wannan magana bai taɓa zama a garejin kanikawa ba. Mutanen da suka karɓi mota suka raɗa wa sassanta birki da kafireta da lagireto da salansa, suka riƙe sifana suna shafa giris, sun riga sun nuna cewa harshen na iya haɗiye inji ya narkar da shi. Masana ma sun yi nasu ƙoƙarin: akwai ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Giɓin yana wajenmu ne mu malaman jami'a. Sashen harsuna na gefe guda yana nazarin karin magana, tsangayar injiniya na ɗaya gefen tana rubutu da Ingilishi, babu wanda ya taɓa tunanin a zauna tare a tattara kalmomin da maƙera ke amfani da su, a rubuta littafin jagorar inji guda ɗaya da su. Mu masu nazarin harshe muna da namu kason na wannan laifi, kuma ba ƙarami ba ne.

Domin kada a ce zancen malamin harshe ne kawai mai neman wa fanninsa kasuwa, mu dubi fasahohin da suka tsallake katangar jami'a suka isa hannun jama'a a wannan yanki, mu ga ta wace hanya suka bi. Babban misali shi ne buhun adana wake mai riɓi uku da ake kira PICS. Asalinsa bincike ne da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Larry Murdock, suka fara tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne tamau, iska ta ƙare wa ƙwaron wake ya mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Muhimmancin wannan zai fito fili idan aka tuna yadda ake barbaɗa wa wake guba don adana shi, har ta kai Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Amma dabarar ta shafe shekaru kusan ashirin ba ta yaɗu sosai ba, sai a 2007 da aka fara wani shiri da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates. Me shirin ya yi? Jami'ar ta yi wa sunan buhun rajista, ta bai wa kamfanonin leda na cikin gida izinin ƙera shi bisa ƙa'idar da ta gindaya, ciki har da kamfanin Lela Agro na Kano. Aka nemo dillalai da za su kai shi kasuwannin ƙauye. Aka tura malaman gona ƙauyuka fiye da 30,000 a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da Nijeriya da Nijar, suna cika buhu a gaban jama'a a ɗaure, bayan watanni a sake taruwa a kwance a gaban kowa, domin gani ya kori ji. Aka yi ta shela a rediyo da harsunan mutane. Jami'a, da kamfani matsakaici, da dillali, da malamin gona mai jin harshen manomi; idan aka cire ɗaya daga cikinsu buhun ba zai kai ko'ina ba.

Misali na biyu daga Samaru yake. Ita wannan cibiya, wadda ta faro a matsayin tashar binciken noma a 1922 aka kuma mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta fitar da irin waken nan mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, wato SAMPEA 20-T, wanda aka amince da shi a 2019 bayan gwajin gona na kimanin shekara goma, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muhammad Ishiyaku. Ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar mallakar kamfanin Monsanto ce, wanda yanzu ya koma hannun Bayer, aka bayar da ita ba tare da la'ada ba ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi. Masana na hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya suka dasa ta a jikin wake. Masanan Samaru suka yi aikin haɗa ta da irin da manomanmu suka sani. Ƙananan kamfanonin iri na cikin gida suka karɓi lasisin yaɗa shi. Manomin da a da kan yi feshi sau shida zuwa takwas, da wannan iri sau biyu ya wadatar. Na san akwai masu adawa mai ƙarfi da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma tambayoyinsu kan wanda zai riƙe ragamar iri nan gaba tambayoyi ne da suka cancanci amsa. Abin da na lura da shi dai shi ne, akasarin wannan muhawara da Ingilishi ake yin ta a otal-otal na Abuja, manomin da zai shuka ya ci kuwa jita-jita ce kawai ke isa kunnensa.

Ba zan manta da Malam Muhammad Bah Abba ba, malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa, wanda ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunyar sanyaya kayan lambu: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Masana'antarsa maginan tukwane ne na karkara, tallarsa kuma wasan kwaikwayo ne da aka ɗauka a bidiyo ana nunawa a ƙauyuka da janareta.

Sai dai fa harshe kaɗai ba ya wadatarwa, tambayar dattijon nan mai walda tana nan tana jiran amsa, wato wa ke da me. A nan ma muna da darasi a cikin gida. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, a zamanin shugabancin Farfesa Charles Wambebe, ta yi aiki da wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, bisa rubutacciyar yarjejeniya, aka samar da maganin Niprisan mai rage tashin ciwon sikila. Wannan ɓangare ya yi kyau ƙwarai, har ana buga misali da shi a duniya wajen mutunta ilimin gargajiya. Amma a 2002 aka miƙa lasisin sarrafa maganin kacokan ga kamfani guda, Xechem na Amurka. Aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya durƙushe a 2008, gwamnati ta janye lasisin a 2009, maganin ya yi ƙaranci, masu ciwon da suka fara samun sauƙi suka shiga neman sa ruwa a jallo. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker. A kwatanta wannan da dabarar Cohen da Boyer, wadda jami'o'insu suka ƙi bai wa kamfani ɗaya, suka buɗe ta ga duk mai iya biyan kuɗi daidai wa daida.

Wannan batu na mallaka ya iso har ƙofar sashenmu. Tun da Google ya sanya Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, kamfanonin da ke ƙera manhajojin fassara da na sauraren murya ke neman rubutu da muryoyin Hausa, kuma sassan harsuna na jami'o'inmu cike suke da su: kaset-kaset na hira da tsofaffi, tatsuniyoyi, kare-karen harshe na Sakkwato da Katsina da Haɗeja da Bauchi da ɗalibai suka yi shekaru suna tarawa. Wakilin wani kamfani ya taɓa samuna yana neman muryoyin da ɗalibaina suka naɗo a ƙauyuka, ladan da ya yi tayi kuwa shi ne kwamfutoci 'yan ƙalilan da ambaton sunana a shafin godiya. Na tambaye shi, tsofaffin da suka ba da muryoyinsu fa, an nemi izininsu? Manhajar da za a ƙera, jikokinsu za su same ta kyauta ko saya za su yi? Ba shi da amsa, ni ma kuma da na juya ban sami wata rubutacciyar ƙa'ida da zan dogara da ita ba. Ina son Hausa ta shiga kowace na'ura, amma ba na son a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Adalci ne kuma a saurari koken 'yan kasuwa a kanmu. Sukan ce jami'a ba ta san darajar lokaci ba, kuma suna da hujja. Wane kamfani ne zai ɗora jarinsa kan ɗakin gwaje-gwajen da aka rufe wata tara a 2020, aka sake rufe shi wata takwas a 2022 saboda yajin aiki? Sukan kuma ce ai suna biya tun tuni, domin harajin ilimi da aka ɗora kan ribar kamfanoni a 1993, sakamakon gwagwarmayar ƙungiyar ASUU, ya fara ne da kashi 2 cikin 100 ya kai kashi 3 a 2023, kuma da shi asusun TETFund ya gina akasarin sababbin gine-ginen da ke jami'o'inmu. Nan ma gaskiyarsu ce. Abin takaicin shi ne kamfani ya biya haraji, malami ya karɓi tallafin bincike, amma su biyun ba su taɓa zama a teburi ɗaya sun yi shawarar abin da za a bincika ba.

Akwai kuma wata cuta da ke cikin gidanmu, wadda duk malamin jami'a ya san ta. Ƙarin girma da yawan maƙalun da mutum ya buga a mujallun ilimi ake yin sa, musamman na ƙasashen waje. Malamin da ya ɓata shekara biyu tare da majema yana neman hanyar rage gubar da ke kwarara cikin kogin Challawa, ya rubuta musu ɗan littafi da Hausa, a idon kwamitin ƙarin girma bai yi komai ba. Abokinsa da ya buga maƙala biyar da babu majemin da zai taɓa ganinsu shi ne zai riga shi zama farfesa. Malamai ba wawaye ba ne, inda ake ba da lada can za su nufa. Muddin ba a gyara wannan ma'auni ba, ko ofis nawa aka buɗe aikin banza ne. Kuma gyaran ba ya buƙatar dokar majalisar tarayya, domin majalisar kowace jami'a da hukumar gudanarwarta na da ikon su ce daga yau fasahar da aka tabbatar wani mai sana'a ya karɓa yana amfani da ita tana da maki kaza, littafin jagora da aka rubuta da harshen masu sana'ar yana da maki kaza.

Haka nan ina ba asusun TETFund shawara ya ware wani kaso na kuɗin bincike wanda ba za a saki ba sai mai nema ya zo da abokin aiki daga waje, ko ƙaramin kamfani ne ko ƙungiyar masu sana'a mai rajista, wanda shi ma zai sa nasa, ko da ƙarfe ne da wurin aiki da lokacin yaransa. Wanda ya sa kuɗinsa ba zai bari a binciko masa abin da ba ya buƙata ba. Ita kuma yarjejeniyar a rubuta ta a shafi biyu, da Hausa da Ingilishi, a karanta wa kowa ya ji, ta fayyace kason ɗalibi, da na malami, da na jami'a, da na maƙerin da ya gyara zane, ta kuma hana a damƙa fasahar da aka samar da kuɗin jama'a ga mutum ɗaya ba tare da wa'adi da sharaɗin ƙwacewa ba. Mu kuma na sassan harsuna aikinmu a bayyane yake: mu tura ɗalibanmu na shekarar ƙarshe Panteka da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Wambai su tattaro kalmomin sana'a, mu haɗu da injiniyoyi mu tace su, sa'annan a wajabta wa duk ɗalibin da ya ƙera wani abu ya tsaya gaban masu sana'ar ya yi musu bayaninsa da harshen da suke ji kafin a ba shi maki. A nawa ɓangaren na riga na sa ɗalibai biyu wannan aiki a zangon karatu na bana, ɗaya wurin masu walda, ɗaya wurin masu gyaran injin ban-ruwa, kuma dattijon nan na unguwarmu ya yarda zai duba abin da suka tattaro kafin in sa hannu a kai.